Mota Mai Tashi Sama: An Ƙera Ta Tuntuni, Me Ya Hana Ta Shiga Kasuwa?

Assalamu alaikum masu kallo. Mutane da yawa suna ɗauka cewa motar da za ta bi titi, sannan ta buɗe fikafikai ta tashi sama, mafarki ce da kimiyya ba ta kai gare shi ba tukuna. Gaskiyar magana ita ce an daɗe da ƙera ta. Tun a 1949 wani injiniya Ba'amurke mai suna Moulton Taylor ya ƙera Aerocar, kuma a 1956 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta ba ta takardar amincewa, amma guda shida kacal aka ƙera. A watan Yunin 2021 kuma, AirCar ta kamfanin Klein Vision ta tashi daga Nitra zuwa Bratislava a ƙasar Sulobakiya cikin minti 35, ta sauka, ta naɗe fikafikanta, ta shiga gari a kan taya. Saboda haka tashin ba shi ne matsalar ba.

Matsalar tana farawa ne daga nauyi. Doka ta wajabta wa mota ƙarfen da zai kare fasinja idan an yi karo, da birki mai ƙarfi, da tayoyi da za su jure ramukan hanya, kuma duk waɗannan kaya ne masu nauyi. Shi kuwa jirgin sama, kowane kilo da aka ɗora masa yana rage nisan da zai iya zuwa da yawan mutanen da zai ɗauka. Ana tsara jikin mota domin iska ta danne ta a ƙasa, ana tsara jirgi domin iska ta ɗaga shi. Fikafikan ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum huɗu suna kai mita 11 daga wannan gefe zuwa wancan, alhali layi ɗaya na babbar hanya bai wuce mita uku da rabi ba sosai, don haka dole a naɗe su, kuma kowace mahaɗa da aka ƙara wani sabon wuri ne da zai iya karyewa a sama. A 1973 an ga illar haka a Kalifoniya, lokacin da aka ɗaura wa motar Ford Pinto fikafikan jirgin Cessna, fiffike ɗaya ya saki, mutum biyu suka rasa rayukansu, ciki har da wanda ya ƙirƙiro ta.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Idan ɗan acaɓa ya goge maka mota, sai ku yi sulhu ka ci gaba da tafiyarka. Idan motar jirgi ce, wannan 'yar lanƙwasar ta isa ta hana ta tashi har sai injiniyan jirgi mai lasisi ya duba ta.

Wannan ya sa yawancin kamfanonin zamani suka haƙura da titi gaba ɗaya. Abin da jaridu ke kira mota mai tashi a yau, a zahiri ƙaramin jirgi ne mai farfela da yawa, wanda ke aiki da lantarki, yake tashi tsaye ya sauka tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu. A nan sai batir ya zama ƙaya. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan ninki 40 na kilo ɗaya na batir mai inganci, kuma ko da yake injin lantarki ba ya ɓarnar makamashi kamar injin fetur, hakan bai cike giɓin ba. Jirgi mai amfani da mai yana ƙara sauƙi yayin da man ke ƙonewa, shi kuwa batir nauyinsa ɗaya ne ko da caji ko babu. Abin da ya fi damuna a wannan tsari shi ne, sauka tsaye tana cin wuta mai yawa, kuma tana zuwa ne a daidai lokacin da batir ya fi rauni.

Ta fuskar kasuwanci, lamarin ya fi tsanani, domin kamfani yakan shafe shekaru yana kashe maƙudan kuɗi wajen neman takardar amincewar hukuma kafin ya karɓi kuɗin fasinja ko ɗaya. Kamfanin Uber ya sayar da sashensa na tasi mai tashi ga kamfanin Joby a 2020. Terrafugia, kamfanin mota mai tashi wanda tsofaffin ɗaliban jami'ar MIT suka kafa a 2006, kamfanin Geely na Sin ya saye shi a 2017, amma motarsa ba ta taɓa isa hannun masu saye ba. Volocopter na Jamus ya yi burin jigilar mutane a gasar Olamfik ta Paris a 2024, takarda ba ta fito ba, kuma kafin shekarar ta ƙare, shi da takwaransa Lilium duk sun bayyana cewa jarinsu ya karye.

Ko da takardar ta fito, lissafin riba yana nan. Jirgin da ke ɗaukar fasinja huɗu da matuƙi ɗaya, waɗannan huɗun ne za su biya albashin matuƙi, da inshora, da kuɗin canza batir, da hayar filin sauka a tsakiyar gari inda ƙasa ta fi tsada, kuma ranar da hazo ko hadari ya taso babu aiki. Maƙwabta ma suna da ta cewa. A 1977 wani jirgi mai saukar ungulu ya yi hatsari a saman ginin Pan Am a birnin New York, mutum biyar suka mutu, aka rufe wannan filin sauka har yau.

A ganina, inda wannan fasaha ta fi tabbatar da amfaninta shi ne inda aka cire matuƙi daga cikinta. Hukumar sufurin jiragen sama ta Sin ta amince da jirgin EHang marar matuƙi mai kujera biyu a 2023, kuma gajeren yawon buɗe ido aka fi nufa da shi. Kamfanin Zipline ya cire fasinjan ma, kuma ƙananan jiragensa suna kai jini da magunguna asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016, a Ghana tun 2019, a jihar Kaduna kuma tun 2022, domin kayan da suke ɗauka ba su wuce kilo biyu ba, nauyin da batirin yau zai iya kaiwa ya dawo.