Kana Shafa Mai, Amma Fatarka Na Yin Furu-Furu a Hunturu? Ga Dalili

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi.

Idan hunturu ya kankama, daga ƙarshen Nuwamba har wajen Maris, sai ka ga mutum ya mulke jikinsa da mai da safe, amma kafin azahar ƙafafunsa sun yi furu-furu. Sai a ɗora wa man laifi, a ce jabu ne. Sau da yawa man lafiyarsa ƙalau, lokacin shafawar ne aka kuskure.

Iskar nan daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, kuma da yawa daga cikin ƙurarta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Busasshiya ce ƙayau. A Kano ko Damagaram, danshin iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali a watan Agusta yakan haura 70. Duk inda ta tarar da laima sai ta zuƙe, har da wadda ke saman fatarmu.

To a nan ake samun kuskuren. Basilin da man kaɗe ba ruwa suke ba fata ba, tsare wanda ke ciki suke yi kada ya gudu. Murfi ne, kuma rufe randar da ba ruwa a cikinta ba ya kashe ƙishirwa. Saboda haka da ka fito daga wanka, kada ka goge jiki ƙarƙaf. Ɗan daddanna tawul, ka shafa mai cikin minti 3, tun jikin na da sauran lema. Wanda ya tsaya ya sha shayi, ya duba waya, sannan ya ɗauko mai, ya makara.

Haka ma bayan alwala. Sau 5 a rana muke jiƙa hannu da fuska da ƙafa, iska ta busar, kuma kowace bushewa tana tafiya da danshin fata. Ƙaramin gwangwanin basilin a aljihu ko a jaka ya wadatar.

Gilisarin kuma aikinsa daban ne, janyo ruwa yake yi. Kada a shafa shi tsura. A sirka shi da ruwa a tafin hannu, a shafa, sannan a bi da basilin ko man kaɗe a kai.

Sai batun wanka. Na san ruwa mai zafi sosai da asuba akwai daɗi, amma yana wanke maiƙon da fata ke yi wa kanta, shi ya sa ake fitowa ana susa. Mai ɗumi ya isa, kuma kada a wuce minti 10. A rage dirzar soso, a bar sabulun wanki ga tufafi. Sabulun salo ma yana da kaifi, mai busasshiyar fata ya sassauta masa a wannan lokaci. Masu yin hannun riga da wanka har sai zafi ya dawo kuwa, ba da yawuna ba.

Leɓe idan ya bushe, a daina lasa. Yawu na bushewa nan take, ya bar shi ya fi da tsagewa. Masu shafa man bilicin su ma su sani, da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke sirantar da fata, hunturu kuwa ba ya raga wa irin wannan fata.

Kaushi da faso, da dare ake yaƙarsu. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge kaushin da dutse a hankali, a cika dunduniya da basilin, a sa safa a kwanta. Ban da yanka da reza. Mai ciwon suga kuma ya riƙa duba ƙafarsa kullum, domin ciwon kan rage jin zafi a ƙafa, ƙaramin faso ya zama gyambo bai sani ba. Idan wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko ya fara fitar da mugunya, a ajiye basilin a tafi asibiti.