Waƙa ta riga mu isa Damagaram

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da muryar nan, jiya ta sha aiki. Yau daga Damagaram nake gaishe ku, Zinder kenan, cikin Jamhuriyar Nijar. Bari in juya kyamara ku gani. Waɗancan manyan duwatsun da suka hau kan juna a tsakiyar gidaje, su baƙo yake fara lura da su. Can gaba kuma Birni ne, tsohon gari, inda fadar Sarkin Damagaram take. Kafin 1926 nan ne babban birnin Nijar, sannan Faransawa suka mayar da shi Yamai, kuma mutanen garin ba sa bari ka manta da wannan.

Na ga saƙonninku. Wani ya rubuto wai tunda mun fara fita ƙasashen waje, to kakarmu ta yanke saƙa, a tuna da talakawa. To malam, zauna ka ji yadda fitar take.

Ni ba ni da kamfani, ba ni da ubangida a harkar nan. Ni nake rubuta waƙa, ni nake biyan situdiyo, ni nake ɗaga waya idan an kira, ni nake cinikin mota. Tafiyar tamu ta fara ne daga Wapa, a Fagge, wajen 'yan canji, don ba ka shigo nan da naira zalla ka ce za ka yi walwala. Daga Kano sai Kazaure, sai Daura, sai Kongolam, ka tsallaka Ɗan Barto, ka bi ta Matamaye da Kance ka faɗa babban titi a Takeita, ka karya gabas. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma kar ka yi lissafinta da kilomita. Da shinge ake lissafa ta. A kowane shinge a sauko, a nuna katin shaida, a nuna katin allurar shawara, a buɗe jakar fiyano. Abin da suke son sani ɗaya ne: kayan nan na aiki ne ko na sayarwa? Shi ya sa ba ma ɗauko manyan sifikoki. Fiyano, kwamfuta, makirufo biyu, wayoyi, shi kenan. Sauran a nan muke haya.

Kuma mun gode wa Allah da hanyar ma take buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar nan, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A watannin nan duk mawaƙin Kano da ya dogara da wasannin Nijar ya ji a jikinsa. Wasu har kafin alƙalami suka mayar.

Yanzu ku biyo ni kasuwar Dole, akwai abin da nake so ku gani, don shi ne gindin maganar.

Kun ga rumfar can mai sifika a bakin ƙofa, da saurayi zaune gaban kwamfuta, wayoyin caji sun kewaye shi? Mai tura waƙa ne. Ranar da muka sauka na zo wajensa da hular sanyi da tabarau, na miƙa masa memori, na ce ya zuba mini waƙoƙin wane, na faɗi sunana. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Tsoffi ko sabbi?" Na ce duka. Ya buɗe wata jaka a kwamfutar mai ɗauke da sunana, na leƙa. Jama'a, akwai waƙoƙin da ni kaina ba ni da su a wayata. Akwai guda biyu da ba ma nawa ba ne, na wani yaro ne mai irin muryata, an liƙa mini. Akwai kuma wata waƙar amarya da na yi wa wasu mutane a Haɗeja, wadda ban taɓa saki ba, dangin amarya kaɗai na ba wa. Ga ta nan a Damagaram tana jira na. Na ce nawa? Ya ce dala ashirin, sefa ɗari kenan, don su a nan da biyar-biyar suke ƙirga kuɗi. Na biya kuɗin waƙata, na karɓi memorina.

Sai mai fiyanonmu ya kasa riƙe dariya. Da yaron ya gane, ya miƙe tsaye yana salati, ya kira maƙwabtan rumfa, aka yi ta hotuna. Kafin la'asar ya sa waƙar a sifika yana shelar wasanmu kyauta, kuma wallahi mutanen da ya turo mana jiya sun fi waɗanda tallan rediyo ya kawo.

To ku gaya mini, in yi faɗa da shi? Wasu abokan sana'a suna cewa masu turi ɓarayi ne. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Ba don shi ba, wa zai san ni a Mirya ko Magarya? Amma kuma kar a yaudari kai, daga sefa ɗarin nan ko sisi ba ya zuwa aljihuna. Masu cewa ai akwai YouTube, e akwai. Sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin ma a fara maganar biyanka kuɗin talla, kuma masu saurarona ba masu zaman kallo a intanet ba ne. Data tsada gare ta. Mutum ɗaya ne zai sauke waƙa, ya tura wa majalisarsu ta Xender, su kuma su tura wa ƙauye guda. A lissafin YouTube mutum ɗaya ya ji ka. Saboda haka waƙa takan yi gaba abinta, ba fasfo ba kuɗin mota, kai kuma ka biyo bayanta da jaka kamar mai bin bashi, gari-gari, ko za ka tsinci wani abu. Wannan shi ne yawon wasan da kuke ganin hotunansa.

Mu zo kan wasan jiya. Wanda ya gayyace mu matashi ne ɗan garin, mai ƙoƙari. Yarjejeniyarmu ita ce ya ba da kafin alƙalami, kuɗin ƙofa a raba bayan an cire ɗawainiya, liƙi kuma namu ne. Wannan kalmar ta ɗawainiya, a cikinta ake binne mawaƙi. Hayar fili, hayar sono, wato kayan sauti, janareta da mansa don ba a dogara da wutar gari, takardar izini daga hukuma, masu tsaron ƙofa, motar shela, tallan rediyo. Sannan ga 'yan alfarma: ƙanin mai fili, abokan masu tsaro, wanda ya ɗauko kujeru da duk 'yan unguwarsu. Fili ya cika maƙil, ka ɗauki hoto ka sa a Facebook a yi ta ma sha Allah, amma da aka zazzage jakar ƙofa, abin da ya rage mana bai wuce kuɗin motar komawa ba. Ban ga laifin matashin da ya gayyace mu ba, a gabana aka yi lissafin.

Abin da ya tsamo mu liƙi ne, kuma a nan Nijar ta sha bamban da gida. Mafi ƙanƙantar takardar sefa ita ce ta 500, kuma a canjin da muka yi a Wapa ta fi takardar naira 1,000, wadda ita ce babbarmu. Tun da aka saki naira a 2023 abin ya juye haka. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. A Kano mutum zai canzo sababbin 'yan ɗari-ɗari ya yi ta watsa maka har ƙasa ta rufe, a tattara a ƙirga ka ga abin tausayi. A nan Hajiya za ta taso a natse, ta manna maka jika biyar, sefa dubu biyar kenan, a goshi, takarda ɗaya tak, ta koma ta zauna. Ba hayaniya, amma ta fi mai watsin nan nesa ba kusa ba. Idan kun ga mawaƙan Kano suna ta zarya Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas, ba yawon buɗe ido suke ba.

Sai dai takardar nan ba a banza take tasowa ba. Kafin a fara wasa, mai gabatarwa yakan zaga ya rubuto sunaye: Hajiya wance ta unguwar Zango, shugabar ƙungiyar mata kaza, Alhaji wane mai shagon kaza, da sunan mahaifinsa, da garin kakanninsa. Ina bayan fage da fitilar waya ina haddacewa, ina nemo wa kowa kalmar da za ta hau kan kiɗa. Ka kira sunan mutum ba daidai ba, ya ɓata rai. Ka tsallake wadda ta yi maka liƙi bara, ka yi abokiyar gaba har da zuriyarta. Ka kira kishiya kafin uwargida, to Allah ya kiyaye. Rabin aikin dare a nan yake, ba a murya ba.

Na yi wannan hirar da wani dattijo a wata fada, don a nan majalisar shayi fada suke ce mata. Da ya ji daga inda na fito sai ya ce, "Bakano, da can mu ke zuwa muku da bindiga, yau ku ke zuwa mana da fiyano." Yana nufin zamanin da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai wa Kano yaƙi a lokacin Sarki Alu. Na ce, "Baba, ai mu ko a wancan lokacin ciniki muka sa gaba." Aka yi dariya, aka miƙo mini kofin farko mai ɗaci. Sai ya kawo zancen Mu'azu Ɗan Alalo, makaɗin fadar Damagaram. Ya ce irin su Ɗan Alalo ubangida ɗaya gare su, shi ke ba su riga da doki da hatsi, su kuma su san tarihin gidansa kaf. "Ku kuwa 'yan zamani kun ce ba ku da ubangida, amma na ga kowa da jika ɗaya a aljihu ubangidanku ne." Ban ba shi amsa ba, shayina na ci gaba da kurɓa. Har yanzu ina juya maganar. Gaskiya ne ba mai hana ni yin waƙar da nake so, amma kuma waƙar da nake so ba ita ke biyan kuɗin mota ba. Waƙar da na fi alfahari da ita, wadda na yi kan yaran da ke tafiya ci-rani, jiya da na ɗauko ta fili ya yi tsit, aka saurara, ba wanda ya taso. Da na koma kiran sunaye aka fara layi.

Ku shigo ku ga masaukinmu. Wannan katifar da kuka gani a jingine da bango ba shanya ta muka yi ba, situdiyo ce. Ribar tafiya ta gaskiya ita ce aikin da ake ba ka bayan wasa: waƙar amarya, waƙar suna, tallan shago. Mutum ya ji ka da daddare, da safe ya aiko a yi wa ƙanwarsa. Idan ka ce sai ka koma Kano, zafin ya huce, ya fasa. Don haka a nan muke yi. Sai dare ya raba, 'yan kabu-kabu sun daina wucewa, mu kashe fanka saboda makirufo na ɗaukar ƙararta, mu toshe ƙasan ƙofa da bargo. In tsaya fuskata na kallon katifa, takardar sunayen dangin ango a hannu, gumi na ɗiga a kanta har tawada ta fara narkewa. Mai fiyano na zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya yana ɗaga mini yatsa. Ana cikin ɗauka jakin maƙwabta ya yi kuka, a sake daga farko. Kafin kiran assalatu mun gama, da hantsi an tura wa mai ita ta WhatsApp, ta aiko da cikon kuɗi ta Nita, kamfanin tura kuɗi na nan Nijar. Kuma na san kafin mako ya zagayo tana kwamfutar yaron kasuwar Dole.

Ga jarkokinmu a lungu. Damagaram gari ne mai ƙarancin ruwa tun fil azal, famfo na iya yin kwanaki bai zo ba, sai a sayi na 'yan garuwa. Wanka da rabin bokiti ya zama gwaninta. Ruwan sanyi kuwa ko an ba ni ba na sha, sai ruwan ɗumi da zuma da citta da kanumfari, don ƙurar hanya ita ce babbar abokiyar gabar maƙogwaro. Salla ƙasaru muke yi. Mai ɗakina ta kira ɗazu, yarinya ba ta jin daɗi, an kai ta asibiti an dawo, da sauƙi. Ina nan ina rera wa 'yar wani waƙar aure, tawa na can da zazzaɓi. Wannan ba ya fitowa a hoto.

An yi mana tayin Agadas, ta Tanut, sama da kilomita 400. Mun zauna mun buga lissafi, kuɗin mota da na kwana sun cinye abin da aka yi alkawari, muka ba da haƙuri. Gobe in Allah ya kai mu sai Tasawa, akwai biki, daga nan Maraɗi, sannan mu fita ta Ɗan Isa mu shiga Jibiya mu gangara Katsina. Mutanen Maraɗi, mai gabatarwa zai fara zagayen rubuta sunaye tun la'asar, don Allah kowa ya faɗi nasa dalla-dalla. Yanzu bari in leƙa Birni in sayi alkaki, an ce idan na koma gida babu alkakin Damagaram kar in ƙwanƙwasa ƙofa. Sai mun haɗu a Tasawa.