Asibiti biyu, majinyaci ɗaya: me ya hana kwamfutocinsu fahimtar juna?

Hauwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Dakta Sani, da Malam Nura mai ƙera manhajojin asibiti. Dakta, watan jiya aka tura mahaifiyata daga wani asibiti zuwa wani. Duka biyun da kwamfuta suke aiki, amma sai da aka sake ɗibar jininta, aka sake hoton ƙirji, alhali kwana huɗu ke nan da yin su. Ta dube ni ta ce, "Wai su ba sa magana da juna ne?"

Dakta Sani: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Wallahi tambayarta ita ce tamu. Maimaita gwajin ma da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne a kawo mutum a sume, jikinsa ba ya karɓar penisilin, an rubuta haka a wancan asibitin, ni kuwa babu yadda zan gani.

Hauwa: Malam Nura, laifinku ne ke nan?

Malam Nura: Da namu a ciki, ba zan musa ba. Kowane kamfanin manhaja ya gina rumbun bayanansa yadda ya ga dama. Shi ya sa tun 1987 aka kafa ƙungiyar HL7 don tsara yadda saƙo zai fita daga wannan manhaja ya shiga waccan. A 2011 wani masani a Ostiraliya, Grahame Grieve, ya fito da tsarin FHIR, wanda ke raba bayanai gida-gida: majinyaci daban, magani daban, sakamakon gwaji daban, kowanne a nemo shi ta intanet.

Hauwa: To ai an gama.

Malam Nura: Ina fa! Isar saƙo daban, gane shi daban. Ɗauki sukarin jini. Wani asibitin da miligiram yake aunawa, ya rubuta 126. Wani da milimol, ya rubuta 7. Jini ɗaya ne, sakamako ɗaya ne. To a ce 7 ɗin ya iso babu ma'auni a jikinsa, manhajar ta ɗauka miligiram ne, sai ta nuna kamar sukarin mutumin ya faɗi ƙasa warwas.

Dakta Sani: Sai ka ga an ruga da ruwan sukari wajen mutumin da nasa ya riga ya hau. Subhanallah.

Malam Nura: Don haka ake ba kowane gwaji lambarsa a kundin LOINC, cututtuka kuma a SNOMED CT ko ICD. Sannan ga babbar rigimar: wane ne wane? Mutum biyu suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Ko mutum ɗaya, nan an rubuta Muhammad, can Mohammed. Amurka da duk ci gabanta, tun 1998 majalisarta ta hana kashe kuɗin gwamnati wajen ba kowane majinyaci lambar shaida guda.

Dakta Sani: Akwai kuma wanda ba a son faɗa. Wani asibitin da gangan yake riƙe bayanan, don kada majinyaci ya koma wani wuri. Har sai da Amurka ta yi doka a 2016 ta haramta hakan.

Hauwa: Ni kuma ga fargabata, Dakta. Mace tana shan maganin ƙanjamau, ko tana ganin likitan ƙwaƙwalwa, ba ta gaya wa kowa ba. Idan kowane asibiti na iya buɗe fayil ɗinta, ƙanin mijinta da ke aiki a ɗakin ajiyar bayanai fa?

Dakta Sani: Wannan amana ce, Hauwa, kuma ba ƙarama ba. Tsarin Estoniya yana burge ni a nan. Tun 2008 suka haɗa bayanan lafiyar ƙasar, kuma majinyaci na iya shiga ya ga sunan duk wanda ya buɗe fayil ɗinsa da lokacin da ya buɗe. Yana ma iya rufe wani sashe.

Hauwa: To kafin mu kai can, ranar Litinin zan mayar da Hajiya. Me zan riƙe?

Dakta Sani: Ki nemi kwafin sakamakon gwaje-gwajen, ki duba akwai kwanan wata da ma'auni a jikin kowanne. Ki haɗa kwalayen magungunanta duka a jaka ɗaya, har da waɗanda ta daina sha.