Sharhi: Motar Lantarki Ta Iya Jan Gida, Guzurinta Ne Kaɗan

Jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka.

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Agusta, akwai ranakun da hukumomin hanya a Faransa ke kira baƙar Asabar, saboda yadda babbar hanyar A7, wadda ta gangara daga Liyon zuwa Marsel, ke cushewa da masu tafiya hutu. A cikin cunkoson za ka ga motoci daga Holan da Jamus da Beljiyam, da yawansu na jaye da wani farin akwati mai tayoyi. Akwatin nan ɗaki ne sukutum: gado, murhun gas, firiji, wani har da banɗaki. Turawa na ce masa karaban, kalmar da tun asali ke nufin ayarin fatake. Mu kuwa sunan da ya fi dacewa da shi a bakinmu shi ne tafi-da-gidanka. Al'adar ta daɗe. Babbar ƙungiyar masu karaban ta Birtaniya an kafa ta ne a 1907, lokacin da dawakai ke jan ɗakunan.

Daga doki aka koma fetur, daga fetur aka fi karkata ga dizal, yanzu kuma gwamnatoci na cewa a koma lantarki. A 2020 gwamnatin Boris Johnson ta tsayar da 2030 a matsayin shekarar daina sayar da sababbin motocin fetur da dizal a Birtaniya. Firaminista Rishi Sunak ya ɗaga wa'adin zuwa 2035 a watan Satumban 2023, gwamnatin Labour da ta gaje shi ta maido da shi 2030 ga motocin da ke amfani da mai zalla. Duk wannan kai-komo, mai karaban tambaya ɗaya yake yi: motar da za ta maye gurbin tawa za ta kai ni inda na saba zuwa?

Masu cewa motar lantarki ba ta da ƙarfin jan kaya, gaskiya ba su gwada ba. Injin lantarki na ba da ƙarfinsa tun daga tashi, ba jiran canjin giya, ba ƙona kulochi a kan tudu. Batirin na shimfiɗe a ƙasan motar, nauyinsa a wasu motocin ya kusa rabin tan, don haka motar na zaune daram, karaban ba ya kaɗa ta yadda yake kaɗa ƙaramar mota. Ƙungiyoyin masu karaban a Birtaniya kan shawarci sabon shiga kada nauyin abin da yake ja ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motarsa, kuma wannan sharaɗi ya fi sauƙin cikawa da mota mai nauyi. Tesla Model Y a Turai an yarje mata jan kilo 1,600. Kia EV9 da BMW iX kuwa har kilo 2,500. Ta fuskar ƙarfi dai an gama magana.

Gizo na saƙa ne a wajen guzuri. Litar dizal ɗaya na ɗauke da makamashin da ya kai kusan kilowat-awa 10, wato ma'aunin da ake auna wutar da batiri ke ɗauka. Tankin lita 60 ke nan ya kai kilowat-awa 600. Injin dizal mai ɓarna ne, akasarin wannan makamashi zafi yake zama ya bi iska, amma ko kashi ɗaya cikin uku ne ya isa tayoyi, an sami 200. Batirin motar lantarki ta iyali mai kyau kuwa bai cika wuce kilowat-awa 75 zuwa 80 ba. Abin da ke rufa wa motar lantarki asiri shi ne tattali: ba ta ɓarna, kuma an sassaƙa jikinta sumul don ta ratsa iska ba da wahala ba. To sai ka zo ka ɗaura mata akwatin da faɗinsa ya haura mita 2, tsayinsa ya kai mita biyu da rabi, gabansa kamar bango. Duk dabarar da injiniyoyi suka yi shekaru suna yi wa siffar motar ta tashi a banza.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton nauyi ne matsalar. Nauyi na cin wuta a hawan tudu da lokacin tashi, amma a kan miƙaƙƙiyar hanya iska ce abokiyar gaba. Idan ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ninkuwa take sau huɗu. Wanda ya sauko daga kilomita 100 a awa zuwa 80 ya rage wannan turjiya da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Da ma doka ta taƙaita gudun masu jan karaban: mil 60 a awa a manyan hanyoyin Birtaniya, kilomita 80 a Jamus sai wanda ya sami izini na musamman ya yi 100. Sannu-sannu kwana nesa, in ji magabata, kuma a wannan harka lissafi ya gaskata su.

Duk da haka, abin da gwaje-gwaje ke nunawa kusan iri ɗaya ne: da an ɗaura karaban, nisan da caji ɗaya ke kaiwa na raguwa da kamar rabi. Motar da ke yin kilomita 400 ita kaɗai sai ta koma 200. Kuma ko 200 ɗin ba duka ne naka ba, domin ba mai hankalin da zai bari batirinsa ya ƙare ƙaf a kan hanya, sannan caji mai sauri na yin sanyi sosai da zarar ya wuce kashi 80. Matafiyi na aiki ne tsakanin kashi 10 da kashi 80, wato kamar kilomita 140, kwatankwacin Kano zuwa Zariya. Daga Amsterdam zuwa Marsel ya haura kilomita 1,200. Ku yi lissafin zangon da kanku. Motar dizal ma na ƙara shan mai idan tana jan kaya, amma ita minti biyar ya ishe ta cika tanki.

Ni a ganina ko wannan ana iya jurewa. Mai tafiya hutu da yara da ma yakan tsaya bayan awa biyu, a sha shayi, a miƙe ƙafa. Abin da ke fusata masu karaban shi ne yadda aka gina tashoshin cajin. Gidan mai, ko'ina yake a duniya, shiga ake ta nan a fita ta can, ko tirela ce ta zo za ta sami hanya. Galibin tashoshin caji kuwa an yi su ne kamar wurin ajiye motoci: layi-layi, kowace mota ta cusa kai ko ta yi ribas ta jingina da na'urar, wayar cajin kuma gajera. Mota da karaban idan aka haɗa sun kai mita 12. Ina za su shiga? Dole direba ya nemi fili, ya ja birkin karaban, ya sauke ƙaramar tayar gaba, ya cire wayar fitilu, ya kwance ƙugiya, ya bar ɗakinsa da kayansa a can, ya je ya yi caji, ya dawo ya yi ribas ya daidaita ƙugiya ya sake ɗaurawa. In ana ruwan sama, haka zai yi. Wanda ya ƙi kwancewa ya gindaya a gicciye, ya tare gurbi uku ko huɗu, sai ya shirya jin baƙar magana daga masu jiran layi. A yi wannan sau bakwai ko takwas a tafiya ɗaya, hutun ya koma aikin ƙarfi.

Idan an isa masauki ma tsugune ba ta ƙare ba. Wutar da sansanonin hutu ke ba kowane karaban a Birtaniya galibi amfiya 16 ce, kimanin kilowat 3.7, a wasu sansanonin Turai ma 10 ko 6. An tanade ta ne don firiji da tukunyar shayi. Babban batiri zai kwashe sama da awa 20 kafin ya cika da ita, in har masu wurin sun yarda a jona.

A Ostareliya, inda tsofaffi masu ritaya ke shafe watanni suna zagaya ƙasar da karaban, lamarin ya fi tsanani. A kan hanyar Eyre da ta ratsa filin Nullarbor akwai wani yanki mai tsawon kilomita 146 da ba shi da ko lanƙwasa ɗaya, tsakanin Balladonia da Caiguna. Mai jan babban karaban da lantarki, in iska ta taso masa ta gaba a nan, sai addu'a.

Masu ƙira ba su zauna ba. Kamfanin Dethleffs na Jamus ya ƙera karaban mai batirinsa da injinan lantarki a tayoyinsa, yana tura kansa, motar na yi masa jagora kawai. A 2021 wata motar lantarki ƙirar Audi e-tron ta ja shi daga garin Isny na Jamus ta tsallake tsaunukan Alps zuwa tafkin Garda a Italiya, kilomita 386, ba tare da tsayawa caji ba. Abin burgewa ne. Sai dai batiri biyu kuɗi biyu ne, caji biyu ne, kuma nauyin da aka ƙara daga kason kayan da za a loda ake cire shi. Mutumin da ke fito da karaban ɗinsa makonni uku ko huɗu a shekara, da wuya ya sayi batirin da zai yi watanni goma sha ɗaya yana kwance a bayan gida.

Maganin da ya fi araha ba a cikin batiri yake ba, a zanen tasha yake. Kamfanin Fastned na Holan tun farko ya gina tashoshinsa kamar gidan mai, a shiga ta gaba a wuce, kuma masu karaban sun san da haka, suna tsara tafiyarsu ta inda za su same shi. Gwamnatin da ta iya tsayar da shekarar daina sayar da motar dizal, ta iya sa sharaɗi cewa duk sabuwar tashar caji a bakin babbar hanya ta ware layi ɗaya ko biyu masu tsawo, da waya mai isa. Ba 'yan hutu kaɗai za su amfana ba. Magini mai jan injin kwaɓa siminti, manomi mai kai tumaki kasuwa, da mai ɗaukar doki zuwa filin sukuwa, duk ƙugiya ɗaya suke amfani da ita, kuma su ba sau ɗaya a shekara suke fita ba, kullum ne.