Wa ke shiga lissafin masu raunin gani da ji? Hira kan yadda ake aunawa

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, yau kuma ina tare da Anti Rabi wadda ta daɗe tana aikin gwajin ido, da Malam Usman mai koyar da yara masu raunin ji. Anti, bari in fara da ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2019 aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani. Ni duk sanda na ji adadi irin wannan sai in ce, wa ya ƙirga su, kuma da wane ma'auni?

Rabi: Ai kin taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi, Hadiza. Tushen abin shi ne allon nan na haruffa da ake rataya wa a bango, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, shi ya fito da shi a 1862. Za a tsayar da ke nisan mita 6, a rufe ido ɗaya, ki yi ta karantawa har inda kika tsaya. Sai a rubuta lamba biyu. Ta sama nisan da kika tsaya ne, ta ƙasa kuma nisan da mai lafiyayyen ido zai karanta wannan layin daga can. In an rubuta 6/60, to abin da wani ke hangowa daga mita 60, ke sai kin matso mita 6.

Usman: Shi ne 20/20 ɗin da ake ji a bakin Amurkawa?

Rabi: Shi ne, Malam, su da ƙafa suke awo. Ƙafa 20 kusan mita 6 ce, don haka 20/20 da 6/6 abu ɗaya ne.

Hadiza: To wanda bai iya karatun boko ba fa?

Rabi: Akwai allo mai harafin E kaɗai, ana jujjuya shi, mutum ya nuna da yatsu inda ƙafafunsa suka dosa. Masu bincike kuwa sun fi son wani allon da Bailey da Lovie suka tsara a Ostireliya a 1976, mai haruffa biyar a kowane layi, saboda na Snellen harafi ɗaya ne a sama, ƙasa kuma cunkus, ba a samun lissafi daidai. Daga nan sai a ja layukan da ke raba matakan raunin. Ƙasa da 6/12 rauni ne kaɗan, ƙasa da 6/18 matsakaici, ƙasa da 6/60 mai tsanani, ƙasa da 3/60 shi ake kira makanta. Amma abin da ya fi damuna ba layukan ba ne. A wane hali aka gwada mutumin?

Hadiza: Kamar yaya?

Rabi: Shekara da shekaru, ƙa'idar ita ce a fara gyara wa mutum ganinsa da gilashin da ya fi dacewa da shi, sannan a rubuta abin da ya karanta. Ki duba fa. Dattijo ya zo ba ya gane fuskar jikansa sai ya matso. Na ɗora masa gilashin gwaji, ya karanta har 6/6, na rubuta lafiya lau. Na cire gilashina na mayar akwati, shi kuma ya tafi da idon da ya zo da shi. A takarda ba shi da matsala.

Usman: Subhanallahi. Alhali bai mallaki tabarau ba.

Rabi: Bai mallaka ba, wataƙila ma bai san yana buƙata ba. Da wannan ma'aunin aka ƙiyasta cewa a 2002 mutum miliyan 161 ne ke da raunin gani a duniya. Da aka koma aka lissafa waɗanda tabarau kawai suka rasa, sai ga ƙarin miliyan 153. Jimla ta tashi 314. Ba wata annoba ce ta ɓarke ba, mutanen suna nan tun da can, ma'aunin ne ba ya ganin su. Shi ya sa yanzu ake auna ganin mutum a yadda ya zo: in da tabarau ya zo a gwada shi da shi, in babu a gwada shi haka nan. Daga baya sai a sa ya leƙa ta wani ɗan ƙaramin rami kamar na allura. In ganin ya gyaru, an san tabarau ne maganinsa. In bai gyaru ba, sai a nemi yanar ido ko wata cutar.

Hadiza: Wato kusan rabin mutanen sun ɓace saboda yadda aka yi tambayar. Malam Usman, ku ma haka abin yake a wajen kunne?

Usman: Kusan haka. Mu ana shigar da mutum ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin ji a kunne, na'ura ta riƙa sako sauti ɗaya tak, wani mai kauri wani siriri. Duk sanda ya ji sai ya ɗaga hannu ko ya danna maɓalli. Ana ta rage ƙarar har a kai mafi ƙanƙantar da yake iya ji, a rubuta da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Sifili a nan ba shiru ba ne, shi ne iyakar abin da matashi mai lafiyayyen kunne ke ji. Sai a ɗauki sakamakon sautuka huɗu, mai bugu 500 a daƙiƙa, da 1000, da 2000, da 4000, a fitar da matsakaicinsu, saboda a wannan tsakanin maganar ɗan Adam ta fi yawa.

Rabi: Ku ma an matsar muku da layi, ko?

Usman: An matsar. Da, wanda ya tsaya a desibel 25 lafiya ake ce masa. A rahoton ji na duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 an dawo da shi 20. Raunin da ake cewa yana hana mutum harkokinsa, da sai ya haura 40 ga babba, yanzu 35. Da wannan aka ce mutum fiye da biliyan 1.5 na da raunin ji, miliyan 430 daga ciki na buƙatar kulawa, kuma ana hasashen zuwa 2050 za su haura miliyan 700. Kada ki raina desibel biyar, Hadiza, ma'aunin ba kamar awon tsayi ba ne. Ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma.

Hadiza: Amma ni abin da nake yawan ji a bakin manya shi ne, "Ina jin ki, ba na dai gane me kike cewa."

Usman: Wannan maganar ita ce gaskiyar lamarin, kuma gwajin ɗakin shiru ba ya kama ta sosai. Tsufa da yawan ƙara, siraran sautuka suke fara ci, irin su s da f da sh. Wasula suna nan da ƙarfinsu, shi ya sa mutum ke jin murya amma kalmomin sun cakuɗe. In an zauna mutum biyu ya iya cike giɓin da hankalinsa. A shiga taro, ko aji mai yara da yawa, shi ke nan. Na sha ganin yaron da aka yi wa shaidar taurin kai ko rashin ƙwaƙwalwa, ashe rabin abin da malami ke faɗa ba ya isa gare shi. Don haka aka ƙirƙiro gwajin lambobi cikin hayaniya: a faɗi lamba uku a jere ana shuu a baya, mutum ya danna abin da ya ji. Manhajar hearWHO da aka fitar a 2019 a kan wannan aka gina ta.

Rabi: Mu ma muna da irin wannan giɓin. Mai hawan jinin ido zai iya karanta allo har ƙasa, alhali gefe da gefen ganinsa ya cinye, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Sai an auna faɗin ganinsa daban ake ganewa. Ga kuma wani abu: duk alƙaluman nan da idon da ya fi lafiya ake yin su. Mai ido ɗaya lafiyayye ba ya shiga lissafi.

Usman: Mu dai an gyara wannan a sabon tsarin, an ware wa mai raunin kunne ɗaya gurbinsa. Kuma ya cancanta, don da kunne ɗaya ba ka sanin ta ina mota ke tahowa.

Hadiza: To me zai hana a tambayi mutane kawai? Ai kowa ya san halin da yake ciki.

Rabi: Ana yi. Akwai tambayoyi shida na Rukunin Washington, wani rukunin masana ƙididdigar nakasa, da ƙasashe ke sakawa a ƙidayar jama'a. Ba a cewa "kai makaho ne?", don da yawa za su ce a'a. Cewa ake, kana shan wahalar gani ko da ka sa tabarau? Amsa huɗu ce: babu wahala, akwai kaɗan, akwai sosai, ko ba na iyawa sam. Amfaninta shi ne tana kamo rayuwar mutum, abin da allo ba ya yi. Sai dai wanda ganinsa ko jinsa ya ragu sannu a hankali yakan saba, ya ce ai girma ne ya zo, ya amsa da babu wahala.

Usman: Abin da ke ɗaga mini hankali ke nan. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sa raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa waɗanda za a iya magancewa, a 2024 kuma ya ƙara da raunin ganin da ba a kula da shi ba. Dattijon da ya daina shiga hira, ba lallai halinsa ne ya canza ba.

Hadiza: Jariri fa, Malam? Shi ba zai ɗaga hannu ba, ba zai amsa tambaya ba.

Usman: Shi kunnensa ne ke amsawa. A 1978 David Kemp a Ingila ya gano cewa lafiyayyen kunne, in an aika masa sauti, yakan mayar da wani ɗan amo daga can ciki. Sai a sa wa jariri ɗan abin saurare a kunne yana barci, cikin 'yan mintuna an ga sakamako. Ƙa'idar da ake bi ita ce a gwada shi kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimaka masa kafin wata shida. Yaran da ke zuwa hannuna, wanda aka gano da wuri da wanda aka gano yana shekara huɗu, tun ranar farko nake gane bambancinsu, ko a magana ko a yaren hannu.