Jaridar takarda tana mutuwa, aikin jaridar ma zai bi ta ne?

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku na zo da su yau.

Na farko, kuma shi ya fi damuna, ana ta cewa wai mutane sun daina karatu shi ya sa jarida ke mutuwa. A'a wallahi. Tun da na fara magana wasunku ba su ɗaga kai daga waya ba, ai karatu kuke yi! Abin da ya gudu talla ce. Ɗan kuɗin da kake miƙa wa mai sayar da jarida ba shi ke riƙe gidan ba, talla ce ke biyan albashi, ta sayi takarda da tawada, ta zuba wa motar da ke rarraba jarida da asuba mai. A Amurka wajen 2006 jaridu na samun kusan dala biliyan 49 a shekara daga talla, zuwa 2022 ko biliyan 10 bai cika ba. Ina kuɗin suka tafi? Google da Facebook, don su suna iya kai tallarka gaban ainihin mutumin da kake nema. Kafin su ma shafin tallace-tallace na intanet mai suna Craigslist ya kwashe ƙananan tallan nan, gidan haya, neman ma'aikaci, tsohuwar mota, akasari kyauta. Talla, ɗalibai, talla.

Na biyu, ku dubi jaridar Wiener Zeitung ta Austriya, tun 1703 take fitowa, shekara 320 fa, sai a 2023 ta daina bugun kullum saboda an soke dokar da ta wajabta wa kamfanoni su biya su sa sanarwarsu a cikinta. Kun ga nan ma maganar ɗaya ce. The Independent ta Ingila kuwa tun 2016 ta koma intanet kacokan.

Na uku, New York Times tana karɓar kuɗi daga masu karatu a intanet tun 2011, yanzu masu biyanta sun haura miliyan 10, amma ba kowane gida ne ke da wannan sunan ba, ƙananan jaridu su ne ke shan wuya.

Na ga hannu can. Na'am?

"Malam, kenan mu canja kwas?"

Kar ki canja, 'yata, amma ba zan ɓoye miki ba, kujerun sun ragu, albashin kuma ba mai yawa ba ne. Ki koyi ɗaukar murya da bidiyo da wayar nan, ki zaɓi fanni ɗaya, kotu ko lafiya ko kasafin kuɗi, ki san shi ciki da bai har a riƙa nemanki. Ranar da jita-jita ta cika waya, dole a samu wanda zai taka ƙafa ya je wurin, ya ji ta bakin kowane ɓangare kafin ya rubuta, wannan shi nake so ki iya. Ki same ni bayan an tashi mu duba abin da kika taɓa rubutawa.