Darasi: Yadda Hoton Mushtari Zai Fito Tangaran

Masu kallo, assalamu alaikum. Na ɗauka kowa ya riga ya kafa madubin hangen nesansa ya haɗa kyamara da kwamfuta, don haka ba zan tsaya a nan ba. Nawa ya yi awa 1 a waje domin zafinsa ya daidaita da na iska, kuma na kafa shi nesa da rufin kwano da daɓen siminti, waɗanda suke kwana suna fitar da zafin da suka sha da rana.

Ga Mushtari a allo, ɗaya daga cikin duniyoyin da ke zagaya rana, wanda Turawa ke kira Jupita. Wannan rawar da yake yi kamar kwabo a ƙarƙashin ruwa aikin iska ce, shi ya sa na jira har ya tako tsakiyar sama. Mu da muke kusa da Ikweta, layin da ya raba duniya biyu, mun yi sa'a, domin yana hawa sama a wajenmu fiye da yadda yake yi a Ingila.

Yanzu sai saiti, wato murɗa madubi har hoto ya fito sarai, wanda ya wahalar da ni watanni ina zargin madubina alhali laifin hannuna ne. Kada ku saita a kan Mushtari kansa. Ku ƙara hasken kyamara har ɗaya daga cikin manyan watanni 4 da ke zagaya shi ya bayyana, ku murɗa kaɗan, ku ɗauke hannu, ku ƙirga biyar har girgiza ta lafa, sannan ku duba. Ku wuce wurin da gangan, ku komo, har watan ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Kun ga na zarce, bari in komo. Madalla. Sai a mayar da hasken yadda yake.

Bidiyo za mu ɗauka da manhajar FireCapture, na minti 3. A'a, da girman da na ba hoton nan gara mu tsaya a minti 2, domin Mushtari yana kammala juyawa cikin ƙasa da awa 10, kuma idan aka daɗe zanensa yakan goge. Daga cikin dubban hotunan da ke bidiyon, manhajar AutoStakkert za ta tsamo waɗanda iska ta lafa a cikinsu ta haɗe su. Ni nakan ɗauki kashi 20 cikin 100. A RegiStax kuwa, manhajar ƙara wa hoto kaifi, ku ja ma'aunin kaifi a hankali, kuma da zarar farin zobe ya fara fitowa a gefen Mushtari, ku koma baya.